Yatsu Uku da Ambulan Guda: Yadda Muka Nemi Diyyar Ɗan Yayata

Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare wayata ta yi ƙara, kuma duk wanda ya girma cikin dangi ya san cewa kiran irin wannan lokaci ba ya ɗauke da labarin suna ko na ɗaurin aure. Yayata ce, muryarta tana rawa, ta ce in yi maza in same su a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano domin inji ya kama hannun ɗanta a wurin aiki. Yaron yana da shekara 24 a lokacin, kuma ya kusa cika shekara biyu yana aikin ƙwadago a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa, inda ake narka tsofaffin robobi a mayar da su bokitai da kujeru. Aikinsa shi ne ɗura tarkacen roba a bakin injin da ke daddatsa su, daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, a kan naira 2,500 kowane dare, ana tara masa a biya shi ranar Asabar hannu da hannu. A wannan daren wani guntun roba ya maƙale, ya sa hannu zai zaro shi kamar yadda ya saba ganin kowa yana yi, sai injin ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama, wato manuniya da na tsakiya da mai bi masa. Daga baya abokan aikinsa suka shaida mini cewa injin yana da murfin kariya, amma an daɗe da kwance shi an jingine a bango saboda yana rage saurin aiki.

A rana ta uku, bayan an yi masa aiki an naɗe hannun, sai ga mutum biyu daga masana'antar, ɗaya ma'aikacin ofis, ɗayan kuma ɗan kwangilar da ke kawo musu leburori. Suka gaishe mu cikin ladabi, suka yi addu'a, suka ajiye ledar lemo da ayaba, sannan ma'aikacin ofis ɗin ya miƙa wa yayata ambulan yana cewa, "Hajiya, mai gida ya ce a yi muku sannu, ya ce wannan ba yawa, a ƙara a sayi magani." Naira 100,000 ce a ciki. A daidai lokacin aka ba ni takardar magani na fita sayowa, kafin in dawo har sun fito da wata takarda da aka rubuta da Turanci da ɗan akwatin tawada, sun ce shaidar karɓar kuɗi ce kawai wadda akawunsu yake buƙata. Babban yatsan da injin ya bar masa, wanda ya leƙo daga cikin bandeji, shi suka kama a hankali suka dangwala. Da na dawo na ga shuɗin tawada a yatsan, na nemi ganin takardar, suka bar ni na ɗauki hotonta da waya, kuma a nan na karanta cewa yaron ya amince hatsarin sakacinsa ne, ya karɓi cikakken haƙƙinsa, kuma ba shi da sauran wata magana da kamfani.

Na so in ɗaga murya, amma yayata ta riƙe mini gefen riga. "Don Allah ka rufa mana asiri," in ji ta, "abin da Allah ya rubuta ba makawa sai ya faru, kuma mutanen nan sun yi ƙoƙari, wasu ko leƙowa ba za su yi ba." Na ce, "Yaya, hannun damansa ne fa." Ta ce ta sani, amma talaka ba ya ja da mai kuɗi, balle ga shi an yi alkawarin mayar da shi aiki idan ya warke. Na yi shiru, kuma shirun nan nawa ya kai wata huɗu, abin da har yau nake jin kunyarsa, domin ni ne ɗan boko a gidan, ni ya kamata in tashi in yi tambaya. Kuɗin ambulan bai kai mako shida ba ya ƙare a wankin ciwo da allura da kuɗin mota. Sau uku yaron yana komawa bakin ƙofar masana'antar masu gadi suna ce masa babu sunansa cikin jerin ma'aikata, ɗan kwangila kuma ya daina ɗaukar wayarsa. Saurayin da ya saba zama da ƙannensa su ci tuwo a kwano ɗaya ya koma ƙuryar ɗaki yana ci da cokali a hannun hagu, idan kuma an idar da salla sai ya soke hannu cikin aljihu ya fice da sauri don kada wani ya miƙo masa hannu a gaisa.

Wanda ya farkar da ni wani dattijo ne da muke zama majalisa ɗaya, wanda ya yi shekaru yana aiki a masaƙun Kakuri da ke Kaduna, har ya riƙe muƙami a ƙungiyar ma'aikatansu kafin masaƙun su durƙushe. Da na ba shi labari ko sannu bai yi mini ba, sai ya tambaye ni wata nawa ke nan da faruwar abin. Da na lissafa masa ya girgiza kai ya ce, "Malam, lokaci yana ƙure muku kuna zaune. Kuɗin da suka kawo muku kun ɗauke shi sadaka, alhali bashi ake bin su. Gobe ka nemi lauyan da ya san shari'ar ma'aikata, ka tafi da yaron da duk wata takarda da ke hannunku."

Abin da na koya tun daga wannan rana shi ne dalilin wannan rubutu. Nijeriya tana da dokar diyyar ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na 2010, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A ƙarƙashin tsohuwar dokar mai kamfani ne da kansa yake biyan diyya a dunƙule, albashin wata 42 idan ma'aikaci ya mutu, na wata 54 idan ya nakasa gaba ɗaya, don haka sai ma'aikaci ya yi ta bin mai gidansa, idan kuwa kamfanin ya karye, shi ke nan an yi asara biyu. Sabuwar dokar ta canza tsarin zuwa asusu guda wanda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, take kula da shi. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, wajibi ne ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata, kuma dokar ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, daga aljihunsa zai biya. Idan hatsari ya auku, daga wannan asusu ake biyan wanda ya ji rauni, kuma ba a buƙatar sai ya tabbatar da cewa laifin kamfani ne, abin da ake dubawa shi ne ko raunin ya same shi ne a sanadin aikin ko a cikinsa. Wannan tunani ya samo asali ne daga Jamus, inda aka kafa inshorar hatsarin ma'aikata a 1884 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, bisa fahimtar cewa wanda yake cin ribar inji shi ya kamata ya ɗauki nauyin ɓarnar da injin ke yi wa jikin mutane.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne faɗin ma'anar kalmar ma'aikaci a cikin dokar, domin dukanmu a gida mun ɗauka cewa wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki ba shi da bakin magana. Dokar ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da yarjejeniyar baka ko ta rubuce, na dindindin ne ko na wucin gadi, mai aikin rabin rana ne ko ɗan koyo ko lebura na kullum-kullum, har da ɗan aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Sojoji kaɗai aka keɓe, su ma ban da fararen hular da ke aiki tare da su. Ke nan direban gida, da mai gadi, da yaron kafinta, da mai ɗora buhu a sito, duk dokar ta san da zamansu a rubuce, ko da yake kowa ya san cewa mafi yawan masu ƙananan sana'o'i a Kano ko Zariya ko Gusau ba su taɓa yi wa yaransu rajista ba, wasunsu ma ba su taɓa jin sunan hukumar ba. Wannan giɓi tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke faruwa a bakin inji shi ne inda masana'antu da yawa suke fakewa, su yi wa ma'aikatan ofis da manyan injiniyoyi rajista, su bar leburorin da suka fi kusa da haɗari a hannun ɗan kwangila, wanda shi kuma littafinsa bai wuce wani tsohon littafin makaranta da yake rubuta sunaye da biro ba.

Haka kuma raunin da dokar take nufi ya wuce yankewar yatsa ko karaya. Akwai cututtukan da aiki ke haifarwa, waɗanda aka jera a ƙarshen dokar, irin waɗanda ke kama huhun mai shaƙar ƙurar auduga ko ta dutse, da waɗanda sinadarai ke jawowa, abin da ya kamata ma'aikatan majemun zamani na Challawa da Sharaɗa su sani. Akwai raunin ji ga wanda ya shekara cikin ƙarar injina, akwai ma taɓuwar hankali da wani mummunan abu da ya faru a wurin aiki ya haddasa. Sannan dokar ta haɗa da hatsarin da ya sami ma'aikaci a kan hanya tsakanin gidansa da wurin aiki, ko wurin da ya saba cin abinci, ko wurin da ya saba karɓar albashi. Da na ji wannan sai na tuna da wata maƙwabciyarmu, wadda mijinta mai gadi ne a wani babban kamfani, mota ta kaɗe shi da asuba yana kan kekensa zai je karɓar aiki. Kamfanin ya aiko da buhun shinkafa da albashin wata biyu ranar sadakar uku, kowa ya yi ta sa musu albarka, ita kuwa ta shiga takaba da 'ya'ya huɗu, ta fito ta kama sayar da awara a ƙofar gida. Shekara biyar ke nan, kuma lauya ya gaya mini cewa ƙofar asusun ta riga ta rufe mata. Da an nema a kan lokaci, dokar ta tanadi cewa matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye za a riƙa biyan ta kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin kowane wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, kuma ana lissafin 'ya'yan har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya nakasa gaba ɗaya shi ma kashi 90 ne na albashinsa duk wata, wanda nakasarsa ba ta kai haka ba kuma ana auna abin da ya rasa na ƙarfin neman abinci a biya shi daidai da shi, baya ga kuɗin magani da hannu ko ƙafar roba da koya masa wata sana'ar idan ta kama.

Na daɗe ina tunani a kan maganar ƙaddara da yayata ta kawo, domin ba ita kaɗai ba ce, kusan duk wanda na ba labarin a unguwa abin da ya fara faɗa ke nan. Babu musulmin da zai musa cewa abin da ya sami yaron rubutacce ne. Amma addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne kuma ya shar'anta diyya, ya sa raƙuma 100 a kan ran da aka kashe bisa kuskure, rabin haka a kan hannu, raƙuma 10 a kan kowane yatsa, kuma malamanmu na zaure suna karantar da wannan babi tun kakanni. Da neman haƙƙin gaɓar da aka rasa rashin tawakkali ne, da ba a tsaya ƙididdige yatsu ɗaya bayan ɗaya ba. Ba ina cewa dokar 2010 ita ce diyyar shari'ar Musulunci ba, tsarinsu daban ne, lissafinsu ma daban. Abin da nake cewa shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar cewa jikin ɗan Adam yana da alhaki a kan wanda ya yi sanadin tauye shi. A ganina, abin da muke kira haƙuri a irin wannan wuri sau da yawa kunya ce da tsoron mai kuɗi, muka lulluɓe su da rigar addini, masu kamfani kuwa sun gane haka sarai, shi ya sa suke zuwa asibiti da addu'a da ayaba da akwatin tawada a tafiya ɗaya. Wanda ya san haƙƙinsa ya yafe don Allah ya yi abin yabo, amma yaronmu bai yafe komai ba, bai ma san akwai abin yafewa ba.

Yanzu sai maganar lokaci, wadda ita ce ta sa dattijon nan ya girgiza kai. Dokar ta ba ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, kwana 14 su sanar da mai kamfani abin da ya faru, da suna da wuri da lokaci da yadda raunin yake. Shi kuma mai kamfani yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, idan mutuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya dole ta shiga cikin shekara ɗaya daga ranar hatsarin, sai dai idan akwai wani uzuri na musamman da hukuma ta gamsu da shi, wanda zai iya kai wa'adin zuwa shekara uku. Mu mun tsira daga tarkon kwana 14 ne kawai domin motar kamfanin ce ta kai yaron asibiti, mutanensu kuma sun zo dubiya, saboda haka ba su da bakin cewa ba su sani ba, kuma dokar ta yi sassauci a inda ya tabbata mai kamfani yana da labari. Duk da haka, da zan koma wancan mako, da a rana ta biyu zan rubuta 'yar wasiƙa mai layi biyar, in kai ofishinsu, in sa a buga mini hatimi a kan kwafina.

Lauyan da muka samu mutum ne mai ƙarancin magana, ofishinsa ɗaki biyu a saman wani bene, fayil-fayil har kan kujerar baƙi. Na miƙa masa wayata ya karanta hoton takardar da aka dangwala, na ce, "Barista, ina jin dai mun riga mun yanka wa kanmu wuya." Ya yi murmushi ya ce takardar ba ta kai yadda muke tsoronta ba, domin sashe na 13 na dokar ya hana ma'aikaci yin yarjejeniya da mai gidansa a kan ya sarayar da diyyar da dokar ta ba shi, kuma duk yarjejeniyar da aka yi a kan haka ɓatacciya ce. Ya ƙara da cewa ko a gaban alƙali, takardar da aka sa majiyyaci ya dangwala a gadon asibiti kwana uku bayan tiyata, da harshen da ba ya karantawa, ba tare da an fassara masa ba, abu ce da za a iya ƙalubalanta. Sannan ya juya ga yaron ya ce ya kwance masa labarin daren tun daga shigarsa ƙofa, yana rubutawa, yana tsayar da shi yana tambaya: wa ya kwance murfin injin, tun yaushe, wa ya gani, an taɓa koya maka yadda ake kashe injin idan ya cushe, me ake yi wa wanda ya kashe inji ba da izini ba. A wannan tambaya ta ƙarshe ne yaron ya ce ana yanke wa mutum rabin kuɗin daren, abin da ni kawunsa ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Daga nan ya shimfiɗa mana hanyoyi biyu, kuma a nan na gane amfanin lauya, domin cike fom kowa zai iya, amma zaɓen hanya sai wanda ya san inda kowace take ɓullewa. Hanya ta farko ita ce neman diyya daga asusun hukuma, inda ba a tambayar laifin wa, ba a buƙatar doguwar shari'a, amma abin da za a samu yana da ma'auni tsayayye da aka ɗaura a kan albashi, kuma albashin lebura ƙarami ne. Idan mutum bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan kuma sai kotu. Hanya ta biyu ita ce kai ƙarar kamfani a kan sakaci a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki a sashe na 254C, kuma tana da reshe a Kano. A nan nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara, shari'a tana iya daɗewa, ana iya faɗuwa a tashi a tutar babu, amma idan an yi nasara alƙali yana duba zafin ciwo da nakasa da asarar da za ta bi mutum tsawon rayuwarsa. Ya ja kunnenmu cewa ba a hawa dawakai biyu a wannan sha'ani, wanda ya kama hanya ɗaya ya saki ɗayar, ga shi kuma lokaci yana tafiya, muna cikin wata na biyar. Shawararsa ita ce mu je kotu, saboda dalili biyu: sunan yaron ba ya cikin jerin da kamfanin yake miƙa wa hukuma, abin da zai jawo jayayya tun daga farko, sannan dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk wani ɓangaren inji mai haɗari, ga shi kuwa murfi yana jingine a bango kowa yana gani.

Tattara hujja ya fi komai wahala. Yaron ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da katin shaida, ba a taɓa biyan sa ta banki ba. Abin da ya cece mu abubuwa ne ƙanana da ba wanda ya yi tsammanin za su yi rana. Akwai katin asibiti na daren farko, inda ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa injin masana'anta ne ya yi raunin, domin abokin aikin da ya rako shi ya faɗi gaskiya duk da cewa shugaban aikin dare ya ce musu su ce hatsarin babur ne. Akwai hoton da yaron ya taɓa ɗauka da abokansa ranar wata Salla a cikin rigar aiki, injin yana bayansu baki buɗe. Akwai rasitan magani da yayata ta tara a cikin wata tsohuwar kwallar sabulu, ba don shari'a ba, don dai ba ta iya zubar da takarda. Sai kuma takardar da suka sa ya dangwala, wadda ta juye ta zama shaida a kansu, tunda ba a biyan cikakken haƙƙi ga wanda ba ma'aikacinka ba. Abokan aikinsa biyu sun yi alkawarin ba da shaida, ɗaya ya janye da ya tuna yana da mata da 'ya'ya, kuma ban ga laifinsa ba. A nan ne kuma na ga illar garzayawa wurin mai ɗori da wanda ya karye a wurin aiki, domin ko da ɗorin ya yi kyau, mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, kuma babu wanda zai auna nakasa da labarin baka. Duk takardar da za ka miƙa wa kowane ofishi, ka riƙe kwafinta a gida. Masu bin labarai za su tuna yadda a 2022 jaridu suka cika da rahoton cewa an shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa mai binciken kuɗaɗen hukumar inshorar cewa mai yiwuwa gara ta cinye wasu takardun biyan kuɗi na biliyoyin naira, to ina ga fayil ɗin lebura.

Tsoron kuɗin lauya shi ne yake hana mutane da yawa ko tambaya su yi. Namu ya yarda a kan cewa za mu biya kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga, shi kuma ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka samu, idan ba a samu ba ya yafe ladansa, kuma ya nace sai an rubuta hakan kowa ya sa hannu, abin da ya ƙara mini natsuwa da shi. Wanda ba shi da ko wannan ƙarfin yana iya zuwa hukumar ba da agajin shari'a kyauta ta tarayya, wadda aka fi sani da Legal Aid Council, mai ofisoshi a jihohi. Dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikata cikin ƙararrakin da take taimakawa a kai, ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Wanda yake cikin ƙungiyar ƙwadago kuma ya fara da ita. Abin da zan ja kunne a kai shi ne 'yan-na-iya da ke yawo a bakin asibitoci da kotuna suna cewa sun san wani babba a ciki, a ba su wani abu su fito da kuɗi cikin mako biyu. Ɗaya ya zo har gida ya sami yayata, ta sallame shi da cewa ƙanenta ne yake riƙe da maganar.

Shari'ar ba ta kai ga yanke hukunci ba. Bayan wata 14, da zama huɗu da aka yi ana ɗagawa, lauyoyin kamfanin suka nemi sulhu, aka daidaita a kan naira miliyan 4 da biyan duk kuɗin asibiti, kotu ta karɓi yarjejeniyar ta mayar da ita hukunci. A unguwa an ɗauka mun yi arziki, kuma a nan wata matsalar ta ɓullo wadda babu dokar da ta yi maganinta. Bayan an cire rabon lauya, an biya basussukan jinya, sai dangi suka yi ta zuwa barka kowa da buƙatarsa, wannan kuɗin haya, wancan matarsa ta haihu, kuma yaron da ya sha zaman kaɗaici ba ya iya cewa a'a. Da ƙyar na shawo kansa aka sayi adaidaita sahu guda aka ba direba yana kawo balas, ragowar aka yi masa lefe. Shi ya sa har yanzu ban yanke wa kaina hukuncin cewa hanyarmu ta fi ba. A wurinmu ita ce ta dace, amma ga matar da aka mutu aka bari da marayu, ko wanda ya rasa ƙafafu biyu, ina ganin kuɗin da ke shigowa kowane wata ya fi dunƙulen da idon dangi yake kansa, ko da yake tsadar rayuwa tana zaizaye shi shekara bayan shekara.

Abokin aikinsa da ya tsaya ya ba da shaida an sallame shi kafin a gama shari'ar, yanzu shi ne direban adaidaitar, kuma shi ya gaya mana cewa an mayar da murfin injin mako guda bayan takardar lauya ta isa ofishinsu. Yaron kuwa ya koyi rubutu da hagu, yana riƙe wa wani ɗan kasuwa littafin sito a kasuwar Singa. Ranar ɗaurin aurensa na tsaya kusa da shi a ƙofar masallaci mutane suna tururuwar yi masa murna, na ga ya ɗan yi jinkiri, sannan ya zaro hannun daman daga aljihu ya miƙa wa liman. Yayata har gobe ba ta son a tayar da maganar kotu a gabanta, amma hoton takardar da aka dangwala, wanda na wanke mata a shagon hoto, yana nan cikin kwallar sabulun tare da rasitan.